Cefane daga hannun manomi: yadda ake shiga kasuwar kayan gwari a fito da kaya nagari

Tumatirin da ake kasawa a teburin bakin layi yakan bi hannu uku ko huɗu kafin ya iso gidanka. Manomi ya tsinko, dillali ya sayar masa, ɗan sari ya ɗauka, mai tebur kuma ya saro daga wurin ɗan sari. Kowane hannu ya ɗora ribarsa, kowane kwana da kayan ya yi a hanya kuma ya rage masa ƙarko. Shi ya sa magidancin da ke da yawan iyali, ko uwargidan da kuɗin cefane ke hannunta, ya kamata su san hanyar kasuwar da ake sauke kaya kai tsaye daga gona.

Sai dai zuwan kaɗai ba ya wadatarwa. Da yawa sukan je, araha ta ɗebe su, su lodo kwando guda, bayan kwana uku rabinsa ya tafi juji. Ni a wurina lissafin cefane a tukunya ake yin sa: nawa ne daga abin da ka saya ya shiga miya, nawa ne ya ruɓe? Duk matakan da ke tafe a kan wannan lissafin aka gina su.

Wace kasuwa, wace rana

Abu na farko, ka san cewa kowane kaya da inda yake sauka. A Kano, kayan gwari irin su tumatir, attaruhu, tattasai, albasa da kabeji sukan sauka ne a 'Yankaba, kan titin Haɗeja. Lemo, ayaba, abarba da kankana kuwa sai 'Yan Lemo da ke Na'ibawa, kan titin Zariya. Hatsi da wake da riɗi, Dawanau ce cibiyarsu, a hanyar Katsina. Idan lokacin tumatirin rani ya kama, akwai Kwanar Gafan a ƙaramar hukumar Garun Malam, kusa da gonakin Kadawa da ke shan ruwan madatsar Tiga. Nan kam daga gona ake fito da kwanduna zuwa bakin titi.

Bayan waɗannan manya akwai kasuwannin mako-mako, waɗanda a ganina su ne ainihin kasuwar manomi. Wudil tana ci ran Juma'a, Dambatta ran Lahadi, Maigatari ran Alhamis, kuma kusan kowane gari a ƙasar Hausa yana da wata kasuwar ƙauye da ke ci kusa da shi sau ɗaya ko biyu a mako. A irin waɗannan wurare ne za ka tarar da dattijon da ya ɗauro kuɓewar gonarsa a bayan keke, da matar da ta yagi zogalen danganta da asuba ta kawo a ƙwarya. Direbobin tasha sun fi kowa sanin ranakun kasuwanni, don haka idan kai baƙo ne a gari, su za ka tambaya.

Kafin ka yanke shawara, ka haɗa kuɗin mota zuwa da dawowa, da kuɗin dako, ka ɗora a kan abin da kake son saye. In cefanen kwana biyu ne kawai, tafiya mai nisa ba ta biya ba, gara mai teburin unguwa. In kuwa na mako biyu ne ko na wata, ko za ku yi karo-karo da maƙwabta gida uku ko huɗu ku sayi kwando ku raba, to tafiyar ta yi amfani. Wannan karo-karon shi na fi ba ƙananan gidaje shawara su yi, domin yana ba su farashin sari ba tare da kaya ya yi musu yawa ba.

Ka san lokacin kaya

Babu gwanintar ciniki da za ta sa tumatir ya yi araha a watan Yuni. Tumatirin noman rani yakan cika kasuwa daga wajen Janairu zuwa Maris, wani lokaci har Afrilu. Da zafin bazara ya tsananta, ruwan sama kuma ya fara sauka, sai ya ja baya, farashi ya haura har zuwa tsakiyar damina. Wani lokacin kuma annoba ce ke shigowa, kamar a 2016 da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, kwando ya yi tsadar da ba a saba gani ba.

Albasa takan yi yawa bayan an cire ta a ƙarshen hunturu zuwa bazara, daga wurare irin su Aleiro a jihar Kebbi da Galmi a Jamhuriyar Nijar, sannan ta yi tsada wajen ƙarshen shekara idan ta ajiya ta ƙare. Karas, kabeji da latas sun fi kyau da sanyi. Damina kuma lokacin ganye ne: rama, yakuwa, lalo, tafasa, alayyahu, ga ɗanyar kuɓewa, ga ƙwan zabi. Daga Agusta zuwa Satumba sai ɗanyar masara da ɗanyar gyaɗa da sabuwar doya. Mangwaro na bazara ne. Gero, dawa, masara da wake kuwa da kaka ake sayen su, kafin 'yan ajiya su kwashe su kai sito.

Ka ƙara da wani abu guda: kwanakin jajiberin azumi da na sallah, kusan komai yakan tashi. Abin da zai iya ajiyuwa, kamar albasa, busasshen barkono, daddawa da kuka, ka riga jama'a saye.

Shiri tun daga gida

Daren da za ka tafi, a zauna da mai girki a duba abin da ya rage. A rubuta abin da ake bukata kashi biyu: wanda zai lalace cikin kwana biyu ko uku, da wanda zai kai mako ko fiye. Ganye da nunannen tumatir suna kashin farko, ba a sayen su da yawa sai in an shirya sarrafa su a ranar. Albasa, dankali, doya da kabewa suna kashi na biyu.

Ka tafi da mazubinka. Bokiti ko ƙaramin daro don tumatir, buhu mai raga don albasa, jaka daban don ganye. Baƙar leda tana tara zafi da gumi, kayan da aka ɗaure a cikinta tun a hanya yake fara dahuwa. Ka kuma riƙi tsabar kuɗi da canji. Manyan 'yan kasuwa suna karɓar tiransifa, masu POS ma suna nan, amma tsohuwa mai kashin yakuwa ba ruwanta da wannan, kuma sabis a kasuwar ƙauye ba shi da tabbas. Ka raba kuɗin aljihu biyu, kada ka riƙa zaro duka a cikin cunkoso.

Sammako, sannan zagaye

Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara. A manyan kasuwannin gwari motoci sukan iso cikin dare ko da asuba, kuma 'yan sari da masu gidajen abinci su ne ke fara zaɓe. Wanda ya iso bayan sallar asuba zuwa ƙarfe takwas yakan tarar da kaya bai sha rana ba. Kasuwar ƙauye ita ba ta cika da wuri haka, sai hantsi ya ɗaga mutanen ƙauyuka sun ƙaraso, saboda haka ka tambayi lokacin da take cika.

Akwai araha ta biyu da yamma, lokacin da mai kaya ba ya son komawa da shi gida. Wannan ta dace da wanda zai markaɗa ya tafasa a daren. Wanda yake son ajiya, ya bar kayan yamma.

Da ka shiga, kada ka saya a rumfar farko. Ka zaga layin kayan da kake so tun daga farko har ƙarshe, ka tambayi farashi wuri uku ko huɗu, ka kuma saurari abin da wasu ke biya. Rumfunan bakin ƙofa sukan fi tsada, don su ke tarar mai gaggawa. Wannan zagayen na minti goma sha biyar shi ne zai nuna maka farashin ranar, kuma in ba ka san farashin ranar ba, tayinka zai zama ko zalunci ko wauta.

A zagayen kuma za ka gane wanda kake magana da shi. Manomi yawanci kaya iri ɗaya ko biyu ne a gabansa, girmansu ba ɗaya ba, wani da ƙasa a jiki, kuma in ka tambaye shi daga ina, zai faɗa maka sunan ƙauyen da fadamar, har da ranar da aka tsinka. Mai sari yana da kaya kala-kala a jere, an goge an tsara. A manyan kasuwanni kuwa sau da yawa manomin yana zaune gefe, dillali ne ke yin magana a madadinsa ya karɓi la'ada. Wannan tsohon tsari ne na kasuwa, ba abin ƙi ba ne. Abin da za ka tabbatar kawai tun kafin a sallama shi ne ko la'adar tana cikin farashin ko kai za ka biya daban.

Wata ɗabi'a da nake roƙon mai karatu ya guje mata ita ce tare manomi a hanya kafin ya shiga kasuwa, a saye masa kaya bai san yadda ake sayarwa a ranar ba. Addini ya hana wannan, kuma ko a al'ada abin kunya ne.

Duba kaya: ido, hannu da hanci

Nan ne aikin yake, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa.

Tumatir. Ka ɗauka ka ji nauyinsa, ka ɗan matsa a hankali da tafin hannu, ba da farce ba. Nagari yana da tauri, fatarsa a miƙe, ba tsagewa, ba baƙin tabo a gindi. Ka duba wajen hancinsa, inda aka tsinke shi daga reshe, domin ƙaramin rami a wurin alamar tsutsa ce a ciki. Irin da ake kira UTC ya fi tsoka da ƙarancin ruwa, ya fi jure ajiya, kuma miyarsa ta fi kauri. Masu ruwa-ruwan sun fi araha, amma in ka tafasa za ka ga rabin tukunyar ya tafi a tururi. Idan na mako guda kake so, ka haɗa: kashi ɗaya ja sosai na yau da gobe, sauran masu ɗan ɗanyanta da za su ƙarasa nuna a gida.

Sayen kwando guda kuma yana da nasa ilimin. Kowa ya san ana jera manya a sama. Kwandon gargajiya yana da zurfi, na ƙasa ne ke ɗaukar nauyin na sama, ga tsinken kwandon yana sukar su, shi ya sa ɓarnar a gindi take taruwa. Ka tsuguna ka duba ƙasan kwandon: in ya jiƙe, ko ƙudaje sun yanyame shi, ko kana jin tsami-tsami, na ciki ya fashe. Ka nemi a juye maka a daro a gabanka. Mai kaya nagari ba ya jin haushin wannan. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya taɓa cusa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya kuma yi wa mai kayan faɗa don bai sa jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani ba. Saboda haka duba ƙasan kaya hakkinka ne. In ka sami wanda aka zubo a kiret na roba, ya fi, don ba ya matsuwa kamar na kwando.

Za ka ga ana sayar da fasasshen tumatir a gefe da araha sosai. Wanda ya fashe yau saboda matsi, bai yi wari ba, ana iya wanke shi a dafa nan take. Wanda ya fara fumfuna ko yauƙi kuwa, ka bar shi, tafasawa ba ta gyara shi.

Attaruhu da tattasai, hancinsu za ka kalla. In kore ne shar kuma yana manne, sabon tsinka ne. In ya bushe ya yi baƙi, ko jikin ya yamutse, ya kwana biyu. Ka juya su, don ruɓewa daga wajen hancin take farawa. Ɗaya ruɓaɓɓe a cikin jaka yakan lalata na kusa da shi cikin dare guda.

Albasa, wuyanta ne sirrinta. Ka matsa wuyan da yatsa: in ya bushe ya tsuke, za ta ajiyu. In yana da kauri da laushi, ko ruwa na fitowa, ba ta gama bushewa ba, ko ta fara ruɓa daga ciki. Ɓawon ya zama busasshe mai ƙara. Wadda ta fara tsiro ta riga ta fara cinye kanta. Sabuwar albasa mai lawashi tana da daɗi, amma ta ci yanzu ce.

Ganye. Masu sayarwa sukan yayyafa ruwa don ya yi kyan gani, wannan ba laifi ba ne, amma yana ɓoye wanda ya kwana. Ka buɗe tsakiyar daurin, can ne ake samun rawaya da wanda ya fara narkewa. Ka karya kara ɗaya na alayyahu, sabo yana karyewa ƙas, tsoho yana lanƙwasa. Zogale in ka girgiza daurin ganyen ya zubo da yawa, ya daɗe da yagowa. 'Yan hujojin ƙwari a jikin ganye ba abin damuwa ba ne. Abin da ya fi su haɗari shi ne warin maganin feshi ko farin ɓurɓushi a jikin kabeji da latas.

Ka kuma tambayi inda aka noma ganyen da za a ci ɗanye. Wasu lambunan cikin birni da ruwan kwata ake ba su ruwa, kamar waɗanda ke gefen rafin Jakara a Kano. Alayyahun da za a dafa da sauƙi, amma latas da kabejin da za a yi kwaɗo da su, ya kamata a san asalinsu.

Kuɓewa ƙanana ake zaɓa. Ka nemi izini ka karya bakin guda ɗaya, in ya karye nan take matashiya ce, in ya lanƙwashe ta tsufa ta yi zare. Karas mai tauri, ba mai lanƙwasa ba. Kabeji mai nauyi da ganye a matse. Yalo da gauta masu sheƙi, ba tabon huda.

Dankalin turawa, wanda mafi yawansa daga Filato yake zuwa, wajen Bokkos da Mangu, ka guji wanda fatarsa ta yi kore ko ya yi tsiro da yawa. Koren nan alama ce ta wata guba da ke taruwa idan ya sha haske, tana kawo ɗaci da ciwon ciki. Doya ka duba kai da gindi, ka matsa ko'ina, wuri mai laushi ruɓa ce. Sabuwar doya tana da ruwa, ba ta sakwara mai danƙo kamar wadda ta kwana biyu.

'Ya'yan itace suna da wata matsala ta daban. Wasu suna nuna ayaba da mangwaro da sinadarin kabaid, wanda masu walda ke amfani da shi, kuma hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan haɗarinsa. Alamar da aka fi lura da ita: ayaba ta yi rawaya fes gaba ɗaya amma hancinta kore, ba ƙamshi, ko mangwaro ya nuna a fata amma ciki da tauri da tsami. Wanda ya nuna da kansa launinsa ba ya zama bai ɗaya, kuma ƙamshinsa na tashi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka sayi wanda ya ƙosa bai nuna ba, ya ƙarasa a ɗakinka. Kankana kuwa ka duba gefen da ta kwanta a ƙasa, in ya yi ruwan ƙwai ta nuna a gona, in fari ne an yi saurin cire ta. Ba laifi ka ce a yanka maka ɗan ƙaramin wuri ka gani.

Hatsi da wake. Ka cusa hannu can cikin buhu ka ɗebo, ka watsa a tafin hannu ka duba tsakuwa, ƙaiƙayi da huda. Ka ciza ƙwaya ɗaya, busasshiya tana fashewa da ƙara. Sannan ka shinshina. Wake mai warin magani ka bar shi komai kyansa, domin akwai masu zuba maganin ƙwari kai tsaye a cikin buhu. Wannan ce ta sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Nijeriya ƙasashenta a 2015. Gyaɗa da masara kuma fumfuna ce abokiyar gabarsu. Ƙwayar da ta yi kore-kore ko baƙi, ko take ɗaci, tana iya ɗauke da dafin da ke yi wa hanta illa, kuma suya ko dafuwa ba su kashe shi.

Ƙwai, musamman na zabi da damina, akan gwada su a ruwa: sabo yana nutsewa ya kwanta, wanda ya taso sama ya lalace. Yawancin masu sayarwa suna ajiye ƙwaryar ruwa don haka. Nono da kindirmo kuwa sai da sabo da mai kaya. Ka sami mace guda da ka yarda da tsaftar ƙwaryarta da ludayinta, ka riƙe ta. Ɗanyar madara kuma sai an tafasa kafin a sha.

Awo da ciniki

Kafin a yi maganar kuɗi, a daidaita a kan ma'auni. Kwano ko tiya ba girmansu ɗaya ba daga gari zuwa gari, mudun wata kasuwa ma ya sha bamban da na wata. A Kano buhun hatsi da aka saba da shi kwano 40 ne, amma akwai ƙananan buhuna, don haka ka tambaya kwano nawa ne a ciki. Ka karɓi kwanon awon ka duba gindinsa, masu tauye mudu sukan buga shi ya shige ciki. Ka tsaya a auna a gabanka, a cika a tula yadda aka saba.

Ciniki da gaisuwa yake farawa. Wanda ya zo ya tsaya a kan mutum ya ce "nawa?" ba sallama, ya riga ya sayi tsada. Ga misalin yadda yakan gudana, kuɗin da na sa na misali ne kawai:

"Salamu alaikum, Baba. Ya kasuwa?"

"Wa alaikumus salam. Kasuwa sai godiya."

"Nawa kwandon nan?"

"Dubu goma sha biyu."

"Baba, saye na zo yi. Na ba da dubu tara."

"Albarka."

"To nawa ne gaskiyarsa?"

"Kawo goma da rabi, don kai ne."

"A bar mini a goma, in ya yi kyau mako mai zuwa ma wurinka zan zo."

"Na sallama. Allah ya amfana."

Akwai ladubban da ba a rubuta su ba amma kowa na kiyaye su. In ka taya aka ce an sallama, saye ya wajaba a kanka a al'adance, don haka kada ka taya abin da ba ka da niyyar ɗauka. In ka tarar wani yana ciniki, ka jira ya gama ko ya bari, kada ka ɗora a kan tayinsa. Kada ka kushe kayan mutum don ya rage maka. In ka ga aibi, ka nuna shi a hankali, ka ce saboda wannan a duba maka. Dattijo Baba ne ko Malam, dattijuwa Inna ce ko Iya, sa'anka kuma ɗan'uwa.

Kayan da aka kasa kashi-kashi ba a cika rage kuɗinsu ba, gyara ake nema. "Inna, a yi mini gyara" yakan kawo ƙarin attaruhu biyu ko ɗan daurin lawashi. Amma a nan ina da magana. Ka matsa wa dillalin da ke juya kwanduna ɗari, wannan kasuwanci ne, shi ma ya san hanyarsa. Matar da ta taho a ƙafa daga ƙauye da ƙwaryar zogale guda fa, abin da za ta samu duka bai kai kuɗin motarka ba. Ka biya ta abin da ta faɗa in bai wuce farashin ranar ba. Manomin da ya sayi taki da man injin ban ruwa da tsada, in kullum ya dawo gida da asara, baɗi ba zai shuka ba, kuma mu masu saye mu za mu ji a jikinmu.

In ka dace da mai kaya nagari, ka riƙe shi, ka karɓi lambar wayarsa in yana da ita. Bayan zuwa uku ko huɗu zai fara ware maka na kirki tun kafin ka iso, ya kuma gaya maka gaskiya ranar da kayan ba su yi ba. Sayen nagari mayar da kuɗi gida ne, kuma sabo ne ke kai mutum ga nagarin.

Dako da lodi

Ka fara sayen masu nauyi da tauri, ganye da ƙwai su zama na ƙarshe don kada su sha rana a hannunka. In za ka ɗauki ɗan dako ko mai baro, ku yi ciniki tun kafin ya ɗora kaya, kuma ka bi shi a baya kana ganinsa. Wajen lodi, doya da dankali da albasa a ƙasa, tumatir a bokitinsa ba abin da ke danne shi, ganye a can sama an lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma. Kada kaya ya zauna kusa da jarkar fetur ko kananzir, yana ɗaukar wari. Nama ko kifi in ka saya, mazubinsu daban, kuma daga nan sai gida, ba biye-biye.

Da isa gida

Kada a bar kaya a ƙulle har gobe. A juye a tabarma a inuwa, a tsince. Tumatir kashi uku: wanda ya fashe ko ya yi laushi a markaɗa yau, ja mai tauri na kwana biyu zuwa uku, mai ɗanyanta a shanya shi a wuri mai iska ba a kan juna ba. Abin da za a ajiye ba a wanke shi sai ranar amfani, domin danshi ne ke jawo ruɓa. Albasa a baza ta a busasshen wuri mai iska, nesa da dankalin turawa, don in an haɗa su suna saurin lalata juna. Dankalin kuma a wuri mai duhu.

Ganyen da za a ci ɗanye a ware shi ɗaya-ɗaya, a wanke da ruwa mai tsafta sau biyu ko uku, a jiƙa shi ɗan lokaci a ruwan da aka sa wa ruwan kal, a sake ɗaurayewa. Gishiri yana fitar da ƙasa da ƙananan ƙwari amma ba ya kashe duk ƙwayoyin cuta. Lokacin da ake fama da amai da gudawa a gari, dafaffen ganye ya fi aminci.

Gidan da ba firiji, ko wuta ba ta zama, akwai dabarar tukunya cikin tukunya, wadda wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa a ƙauyuka har ta kai shi ga samun lambar yabo ta Rolex a 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a zuba kaya a ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Yayin da ruwan ke bushewa ta jikin babbar tukunyar, yana janye zafin ciki. Ana ƙara ruwa safe da yamma. Ta fi aiki da rani lokacin da iska ta bushe, da damina kuwa sanyinta kaɗan ne.

Idan kuma ka sayi tumatir da yawa lokacin arahar Fabrairu, hanya biyu ce. Ko a markaɗa shi da attaruhu da tattasai, a tafasa har ruwan ya ƙone ya yi kauri, a raba a ƙananan robobi a daskarar, ko a yi kauɗa. Wajen kauɗa, a zaɓi masu tsoka, a wanke, a yanka biyu ko huɗu, a shanya a kan tabarma mai tsafta ko tire da aka ɗaga daga ƙasa, a rufe da raga saboda ƙuda da ƙura, a riƙa shigarwa ɗaki da dare. Sai ya bushe ƙarau yana karyewa sannan a zuba a mazubi mai murfi. In an zuba da sauran danshi zai yi fumfuna, don haka bayan mako guda a buɗe a duba, wanda ya yi laushi a mayar da shi rana.